Wa Ya Taɓa Duba Kan Tsohon Ɗan Dambe? Martani ga Mai Cewa Ciwon Turawa Ne

Kwanan baya wani marubuci daga cikin 'yan'uwanmu na gabashin Sakkwato ya fitar da maƙala yana yi wa masu maganar illar bugun kai a wasanni shaguɓe. Malamin ya yi karatu, alƙalaminsa kuma akwai zaƙi. Zaƙin ne ma ya sa ba zan bar maganar ta wuce ba, domin yanzu ana maimaita ta a majalisun Wurno kamar karatun da aka sauke, kuma cikin masu maimaitawar har da masu shirya dambe da masu horar da yara ƙwallo.

Ga abin da ya ce, ba ragi ba ƙari. Labarin tsofaffin 'yan ƙwallon Amurka da ke ruɗewa har wasu su kashe kansu, labarin can ne. Ƙwallonsu ta karo ce, ta ƙarti masu hular kwano da ke tunkuyin juna, tamu kuwa ta ƙafa ce. Binciken da ake yayatawa yana da rauni, akwai ma alƙaluman da suka nuna 'yan wasan ba su kai sauran jama'a kashe kai ba. Waɗanda suka aikata ɗin, in ji shi, ƙarancin imani da ƙwaya da dukiyar da ta watse ne suka kai su, Bahaushe Musulmi kuwa bai san wannan ba. Kakanninmu sun yi dambe tun kafin zuwan Bature, suka tsufa lafiya lau, wanda ya san ɗan dambe ko ɗaya a Rabah ko Goronyo da naushi ya taɓa wa hankali, to ya kawo shi. Ya rufe da cewa mutanen da 'yan bindiga suka hana noma, a zo musu da zancen ciwon kai, rainin hankali ne, kuma hanya ce ta kashe al'ada da mayar da samari matsorata.

Akwai inda yake da gaskiya, kuma zan ba shi abinsa. A 2017 masu bincike a Jami'ar Boston sun duba ƙwaƙwalwar tsofaffin 'yan wasan gasar NFL 111 da suka rasu, suka sami cutar da ake kira CTE a cikin 110. Adadin yana da ban tsoro, sai dai iyalai ne suka bayar da ƙwaƙwalen, kuma galibi iyalin da suka ga canji a jikin mai gidansu ne ke bayarwa. Masu binciken da kansu sun faɗi haka. Haka nan wata cibiyar gwamnatin Amurka mai kula da lafiyar ma'aikata ta bi sawun 'yan wasa 3,439, a 2016 ta ce 12 ne suka kashe kansu, alhali da za a auna da sauran maza sai a sa ran kusan 25. Saboda haka duk wanda ya ce wanda aka buga wa kai ƙarshensa kashe kai ne, ya yi ƙari.

Sai dai Malam ya karanta shafin da ya yi masa daɗi ya rufe littafin. A kan waɗannan mutum 3,439 ɗin dai, cibiyar ta riga ta bayyana tun 2012 cewa mutuwa ta hanyar cututtukan lalacewar ƙwaƙwalwa da jijiyoyi ta ninka ta sauran jama'a kusan sau uku. Me ya sa wannan bai shiga maƙalar ba? Sa'an nan su wa ake aunawa da wa? Ɗan wasan NFL mutum ne da aka zaɓo cikin dubbai don ƙarfin jikinsa, yana da fansho, yana da likita, yana da lauya. Wanne daga ciki ɗan damben ƙasar Gandi yake da shi? In ana son misalin da ya yi kusa da mu, a duba talakawa. A Danmak an bi bayanan mutum sama da miliyan 7 daga 1980 zuwa 2014, aka ga waɗanda suka taɓa zuwa asibiti da raunin ƙwaƙwalwa sun kusa ninka saura wajen kashe kai. A lardin Ontario na Kanada, cikin mutum 235,000 da suka sami girgizar ƙwaƙwalwa, abin ya ninka na jama'a kusan sau uku. Waɗannan ba taurari ba ne. Irin ɗan kabu-kabun nan ne da ya kifa a hanyar Achida ba hular kwano, ya tashi ya karkaɗe riga ya ce alhamdu lillahi ba karaya.

Batun cewa ƙwallonmu daban ce ba zai ɗauke mu lokaci ba. Jeff Astle ɗan wasan West Bromwich Albion ne, irin ƙwallon da yaranmu ke bugawa, kuma da ka ya yi suna. Ya rasu a 2002 yana da shekara 59, ciwon mantuwa ya riga ya gama da shi, jami'in binciken musabbabin mutuwa kuma ya yanke cewa sana'arsa ce ta kashe shi. A 2019 Jami'ar Glasgow ta duba bayanan tsofaffin 'yan ƙwallon Sikotlan 7,676, ta ga mutuwarsu ta cututtukan ƙwaƙwalwa ta ninka ta sa'o'insu kusan sau uku da rabi. Da aka rarrabe su a 2021, sai ga 'yan baya, masu sa kai dare da rana, sun kai kusan ninki biyar, gola kuwa bai bambanta da mutumin gari ba. Fili ɗaya suke, abinci ɗaya, albashi kusan ɗaya. To me ya raba gola da ɗan baya, Malam, ƙarfin imani? Cikin 'yan wasan da suka ci wa Ingila kofin duniya a 1966, biyar sun ƙare da ciwon mantuwa, har da Bobby Charlton da yayansa Jack. Irin wannan damuwa ce ta sa Amurka ta hana yara 'yan shekara 10 zuwa ƙasa sa kai tun 2015, Ingila ta hana 'yan firamare yinsa a atisaye a 2020, masu tsara dokokin ƙwallo na duniya kuma suka amince a 2024 da ƙarin canji ga wanda ya bugu a ka.

Mu kuwa a je filin makarantar firamare a Goronyo da yammacin rani, ƙasa ta bushe ta yi ƙanƙam. An bugo kwana, yara biyu sun tashi sama, kawuna sun haɗu, har 'yan kallo sun ji ƙarar. Ɗaya ya zube. Sai a ruga da fiya wata a fasa masa a ka, koci ya ɗago shi ta hammata yana cewa tashi mana, kai ba namiji ba ne? Yaro ya miƙe yana lalube, a tambaye shi lafiya, ya gyaɗa kai, a yi tafi, a ci gaba. Ba wanda zai tambaye shi ci nawa ne, ko da wa ake wasa, alhali waɗannan tambayoyin ne za su tona ko kansa ya dawo daidai. Gida ma ba za a faɗa ba, don kada Inna ta hana shi ƙwallo.

Abin da ke faruwa a cikin kan yaron ba shi da wuyar fahimta. Ƙwaƙwalwa abu ne mai taushi da ke zaune cikin ruwa a cikin ƙoƙon kai, kamar kindirmo a ƙwarya: ka daki ƙwaryar, ko ba ta fashe ba, abin da ke ciki ya kaɗu. Ƙananan jijiyoyi su miƙe, wasu su tsinke. Ba lallai a suma ba, mafi yawan masu samun wannan girgiza a wasanni ba sa suma. Yawanci takan warke cikin mako biyu zuwa huɗu in an huta. In aka sake bugu kafin ta warke, abin kan yi tsanani, wani lokaci ƙwaƙwalwa ta kumbura har a rasa rai, musamman ga matasa. In kuwa bugun ya yi ta maimaituwa shekara da shekaru, wani sinadari da likitoci ke kira tau yakan taru a kewayen ƙananan hanyoyin jini, ya riƙa cin ƙwaƙwalwa a hankali. Mutum ya daina wasa da shekara goma ko ashirin, sai mantuwa ta fara, sai saurin fushi, sai ciwon damuwa, sai rashin iya riƙe kai.

Malam ya ce maƙarƙashiyar Turawa ce. Wanda ya fara gano cutar a kan ɗan wasan NFL ɗan Najeriya ne, Dakta Bennet Omalu, mutumin jihar Anambra, wanda ya yi karatun likita a Jami'ar Najeriya ta Nsukka. A 2002 aka kawo masa gawar Mike Webster a Pittsburgh, tsohon tauraron da ya rasu yana da shekara 50 bayan ya yi ta kwana a mota, ya rabu da iyali da dukiya. Omalu ya buga sakamakonsa a 2005. Likitocin da ke wa NFL aiki suka nemi a janye rubutun, aka yi ta ƙoƙarin zubar masa da mutunci. A 2011 Dave Duerson ya kashe kansa, ya bar wasiyya a duba ƙwaƙwalwarsa, aka duba aka sami cutar. A 2012 Junior Seau ya bi baya yana da shekara 43, shi ma aka samu. A 2013 NFL ta yarda ta biya tsofaffin 'yan wasa dala miliyan 765, a 2016 wani babban jami'inta ya amsa a gaban 'yan majalisa cewa akwai alaƙa. Ashe in maƙarƙashiya ce, ta masu kuɗi ce don a rufe maganar, kuma hujjojin da suka yi amfani da su kafin su miƙa wuya su ne Malam ya kwaso mana yau da Hausa mai daɗi.

Mu dawo gida, kan dambe, inda maganar ta fi nauyi. Ba na cikin masu ƙyamar dambe. Ƙasar da ta haifi Muhammadu Bawa Ɗan Anace, mutumin Gandi ta Rabah, mawaƙin da waƙarsa ta sa sunan ɗan dambe Shago ya zaga ƙasar Hausa, ba za a koya mata darajar dambe ba. Amma mu faɗa wa juna gaskiya game da abin da ake yi a fagen. An naɗe hannu da zare ya yi tauri, turmi uku ne, abin da 'yan kallo suka biya kuɗin ƙofa su gani shi ne kisa, wato a kai abokin karawa ƙasa, kuma kisa mai kyau a haɓa ko a kunne ake samunsa. Wanda aka kashe ya faɗi, ƙafafunsa suna rawa, yaransa su ja shi gefe, a kwara masa ruwa, a yi masa fifita da riga, wani ya tofa masa addu'a. Kalangu bai tsaya ba. Gobe da yamma ga shi ya dawo yana neman sa zare don ya rama, jama'a na yi masa kirarin jarumta. A damben zamani na duniya, wanda aka sumar ba ya sake shiga fage sai bayan aƙalla kwana 30, da izinin likita. A namu, ko kwana ɗaya wa ya ƙayyade?

Malam ya ce kakanni sun yi sun tsufa lafiya. Damben kakanni na kaka ne. An kawar da amfanin gona, mahauta su zaga garuruwa, a yi 'yan makonni, kowa ya koma sana'arsa har baɗi. Jiki yakan sami wata da watanni yana hutawa. Yau akwai gidajen dambe a Kano da Abuja da wasu birane da ba sa rufewa rani da damina, akwai damben babur da damben mota, akwai masu ɗauka a waya suna watsawa duniya ta kalla, kuma faifan da ya fi samun masu kallo shi ne wanda mutum ya zube kamar an sare shi. Ga ƙwaya, wadda Malam ya ɗora wa laifi duka. Na yarda tana ɓarna. Amma ɗan damben da ya sha tramadol kafin ya shiga, ba ya jin zafin da zai sa ya tsaya, sai ya karɓi naushi goma inda zai karɓi uku. Wani kuma ciwon kan da ba ya sauka ne ya fara kai shi ga mai kemis. Wanne ya riga wanne? Malam bai tambaya ba.

Sai ƙalubalen nasa, wai a kawo masa mutum ɗaya. Ƙalubale ne mai sauƙin jefawa, domin ya san ba a tabbatar da CTE sai bayan mutuwa, sai an yanki ƙwaƙwalwa an sa ta a ƙarƙashin madubin likita. Mu kuwa wanda ya rasu da hantsi, kafin la'asar an kai shi makwancinsa, haka addini ya koya mana, haka kuma ya dace. Ba a binciken gawa, yawancin mace-macen ƙauye ko rajista ba a yi musu. Wanda bai taɓa buɗe rumbu ba, ta yaya zai rantse babu ɓera a ciki? Abin da ido ke gani kuwa, kowa ya gani. A kasuwar ƙauye za ka tarar da shi a gefen rumfar mahauta, ƙato har yanzu, wuyan nan kamar na sa, amma hannu na karkarwa, magana na jan harshe, a ba shi kuɗi ya rasa canjin da zai mayar. Yara suna tsokanarsa su ruga. A gida matarsa ta yi yaji sau da yawa saboda dukan da da can bai saba yi ba. Ka tambayi mutanen gari, kowa da amsarsa: an yi masa asiri ne a fage, layar da ya ɗaura ce ta juye masa, iska ce, ƙwaya ce, alhakin wani ne. A kai shi wajen mai magani, a yi turare, a yanka baƙin bunsuru. Amsa ɗaya ce ba a kawowa, ita ce shekara goma sha da ya yi ana dukan kansa. Wani likitan Amurka, Harrison Martland, ya siffanta irin wannan tafiya da irin wannan magana a jikin tsofaffin 'yan dambe tun 1928. Ko shi ma asiri aka yi wa nasu?

Maganar imani ita ce ta fi ba ni takaici, domin ita ce ke rufe bakin iyali. Imani garkuwa ne, ba na musu, kuma haramcin kashe kai ya tsare rayuka da yawa. Amma imani a cikin hankali yake zaune, in hankalin ya taɓu fa? Ai shi ya sa shari'a ta ɗauke wa mahaukaci alƙalami. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan Wurno da Rabah fiye da yadda ake karanta kowace jarida, ta kawo hukuncin yi wa wanda ya kashe kansa salla. Mawallafinta ya rasu sama da shekara dubu da suka wuce. Da Musulmi ba ya faɗawa cikin wannan, me zai sa a yi wa abin hukunci? A babin diyya kuma, littafin ya bi raunukan kai ɗaya bayan ɗaya: wanda ya bayyana ƙashi raƙuma biyar, wanda ya kai ga ƙwaƙwalwa sulusin diyya, wanda kuwa ya gusar da hankali diyya cikakkiya, daidai da ta rai. Malaman fiƙihu sun san duka a ka yana tafiyar da hankali, har sun yi masa farashi. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, da ke kwance a Wurno tun 1837, ya rubuta littattafai a kan magani da jinya, bai ce a bar ciwo don ƙaddara ce ba. Kuma tunda Malam ya jawo addini, ya sani cewa majalisar malaman fiƙihu ta Rabiɗa a Makka ta haramta damben zamani ɗungurungum a 1987, saboda dukan fuska da cutar da jiki. Ni ban ma kai can ba.

Cewa ba a kashe kai a nan, wa ya ƙirga? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a alƙaluman 2019 Afirka ce ta fi kowane yanki yawan kashe kai, kusan 11 cikin kowane mutum 100,000, alhali na duniya 9 ne. A Arewa sashe na 231 na kundin Penal Code ya tanadi ɗaurin da zai iya kaiwa shekara ɗaya ga wanda ya yi yunƙurin bai mutu ba. Ga abin kunya, ga tsoron a ƙi auren 'ya'yan gidan. Wane uba ne zai fito ya faɗa? Sai a ce ya rasu bayan gajeruwar rashin lafiya, maƙwabta su san abin da suka sani su yi shiru. Wannan shirun ne Malam ya ɗauka shaida.

Zancen 'yan bindiga, ba sai an tuna mana ba. Mun san harin Tabanni a 2018, mun san kasuwar Goronyo a watan Oktoban 2021, inda aka kashe mutum sama da 40, mun san 'yan gudun hijirar da suka cika Gandi. Amma tun yaushe babbar masifa ta zama lasisin ƙyale ƙarama? Har ma masifun a haɗe suke. Saurayin da aka raba da gonar albasarsa shi ne ke tafiya birni ya naɗe hannu don ya ci abinci. Wanda aka sako daga daji, da yawa an dake su da gindin bindiga a ka, sun dawo ba sa barci, ba sa son magana, muna cewa tsoro ne zai wuce. Kuma abin da ake nema a fagen wasa ba ya cin ko kwabo daga kuɗin tsaro.

Matsayina shi ne a ci gaba da dambe, a ci gaba da ƙwallo, amma a daina wasa da kan mutane. Wanda aka kashe da naushin ka, ko ya suma ko bai suma ba, kada ya sake sa zare sai bayan wata guda, kuma masu gidajen dambe su riƙe littafi guda da za a rubuta sunansa da ranar, su riƙa sanar da juna, don kada ya bar Sakkwato yau ya shiga fage a Gusau jibi. Sarakunan pawa da shugabannin ɓangarori, na Arewa da Kudu da Guramaɗa, suna da ikon da za su sa wannan ta zauna fiye da kowace takardar gwamnati. Cikin kuɗin ƙofa a ware wani abu na jinya. A ƙwallo, yaron da kansa ya bugu ya fita, ba komowa a ranar, a kuma sanar da iyayensa, 'yan firamare a daina sa su atisayen sa kai. In bayan bugu aka ga amai, ko ciwon kai mai ƙaruwa, ko barci mai nauyi, ko jijjiga, ko jini ko ruwa daga kunne ko hanci, wannan ba na ruwan sanyi da tofi kaɗai ba ne, jini na iya taruwa a cikin ka mutum yana magana garau, bayan 'yan sa'o'i ya tafi. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato yana da cibiyar tiyatar ƙwaƙwalwa, a nufi can a daren.

Tsohon ɗan wasan da halinsa ya canja kuwa, ko ya fara cewa ya gaji da duniya, kada a ɗauka shagwaɓa ce ko raunin imani, kada kuma a bar shi shi kaɗai. Lalacewar da ta riga ta auku ba ta da magani tukuna, amma ciwon damuwa da rashin barci da zafin rai duk ana maganinsu, kuma su ne ke tura mutum bakin rami. Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su kai 300 ba, mu kuwa Allah ya sa muna da Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya a Kware, maƙwabciyar Wurno. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023 ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta ba marar lafiya haƙƙin a kula da shi da mutunci. In an kai shi, ɗan'uwan da ya raka shi ya gaya wa likita cewa mutumin nan ya yi dambe, shekara kaza, an sumar da shi sau kaza, ko da likitan bai tambaya ba.